Fuskar Aro, Yunwar Gaske: Yadda Ɗalibai Ke Koyon Tsohon Wasan Barkwancin Italiya

A watan Yulin 1947, lokacin da birnin Milan bai gama kwashe ɓaraguzan Yaƙin Duniya na Biyu ba, wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo mai suna Piccolo Teatro, wanda ko wata uku bai yi da buɗewa ba, ya fito da wani tsohon wasa na Carlo Goldoni. Labarin wani bara ne da ya kama aiki wurin iyayen gida biyu a lokaci guda don ya riƙa cin abinci sau biyu. Daraktan, Giorgio Strehler, bai cika shekara 26 ba. Wanda aka ba matsayin baran, wato Arlecchino, ƙwararren ɗan wasa ne mai suna Marcello Moretti. A al'adar wannan wasa Arlecchino ba ya fitowa da fuskarsa. Yana ɗaura wata fuskar aro da ke rufe shi daga goshi zuwa leɓen sama. Moretti ya gwada, ya ce shi kam a kai kasuwa. Waɗanda suke da su a lokacin na kwali ne da ƙyalle, suna kurje fata, gumi yana jiƙa su su saki, ramin idon kuma ba ya barin mutum ya ga inda zai sa ƙafa. Ban da wannan, gani yake an ƙwace masa babban kayan aikinsa, fuskar da yake nuna fushi da murna da ita. Sai ya ɗauki baƙin fenti ya zana siffar abin a fuskarsa, ya hau dandamali a haka. An ɗauki 'yan shekaru kafin ya yarda ya sa ta fata, wadda wani masassaƙi ɗan Padua, Amleto Sartori, ya yi masa, kuma da ita ya ci gaba da wasa har ya rasu a 1961.

Duk ɗalibin da ya shiga ajin wannan wasa a yau, a Milan ne, a Faris ne, ko a sashen wasan kwaikwayo na wata jami'a a Ingila ko Amurka, sai ya ɗanɗana abin da Moretti ya ɗanɗana. Sunan wasan commedia dell'arte, barkwancin masu sana'a. Ya bayyana a arewacin Italiya a tsakiyar ƙarni na 16, ya yi shekara ɗari biyu da 'yan kai yana tashe daga dandalin kasuwa har fadojin sarakunan Turai, sannan ya dushe. Abin da ya sa har gobe makarantu ba su sake shi ba shi ne, babu darasin da ya kai shi saurin tona asirin ɗan wasa. Wanda ya saba fakewa da ɗaga gira da murguɗa baki, ranar da aka rufe masa su sai a gan shi tsaye ƙiƙam, bai san inda zai kai hannuwansa ba.

Malamai da yawa ba sa fito da fuskokin a makon farko. Da jiki ake farawa. A tuɓe takalma, a zagaya ɗaki, a lanƙwasa gwiwa a rage tsawo har cinya ta fara rawa. A yi tafiya da ƙirji a gaba, a sake da tumbi a gaba, a sake da hanci a gaba, ɗalibai su ga da idonsu yadda kowace tafiya ke haifar da mutum dabam. Ranar da aka buɗe jakar fuskoki kuwa, akwai ladubban da ake gindayawa tun kafin kowa ya miƙa hannu. Ba a kife ta a ƙasa. Ba a zura yatsa a ramin ido a ɗauke ta. Mai sawa zai juya wa 'yan aji baya, ya ɗaura, ya gyara, sannan ya juyo, haka ma idan zai cire. Matuƙar tana fuskarsa ba ya kai hannu ya taɓa ta, domin da zarar yatsa ya sauka a kanta, 'yan kallo sun tuna cewa fata ce kawai, mutumin da suka fara yarda da shi ya ɓace. Baƙo zai iya ɗaukar waɗannan dokoki camfi ne, alhali kowace da abin da take karewa: wata hancin fuskar take karewa kada ya lotse, wata kuma amincewar mai kallo.

Ga ɗaliba ta juyo da fuskar bara mai dogon hanci. Malam ya ajiye gutsuren burodi a kan kujera can gefe. Abin da jikinta ya saba shi ne ta saci kallon burodin da wutsiyar ido. Ta yi, babu wanda ya gani, idonta yana can cikin rami. Dole ta juya kai gaba ɗaya har hancin ya nuna burodin, ta tsaya cak, ta dawo da hancin kan 'yan kallo ta sake tsayawa, tana neman shaidarsu a kan abin da ta gani, sai bayan nan ƙafa ta ɗaga. Motsi uku ne, kowanne da tsayawarsa. Idan ta haɗe su cikin sauri, babu abin da ya faru. Idan ta raba su daidai, ɗakin zai ɓarke da dariya tun ba ta ce uffan ba, kuma sai ka rantse fuskar nan da ba ta motsi ta canja: da ta sunkuya ta zama abar tausayi, da ta ɗago ta cika da kwaɗayi. Wannan lokacin malami yake jira. Daga ranar ɗalibar ta gane cewa wuya da kafaɗa da ƙugu su ne za su yi aikin da gira da ido suke yi a da, kuma 'yan kallo abokan hirarta ne, ba a juya musu baya a manta da su.

Ita kanta fuskar aikin hannu ce mai cin lokaci. A hanyar da Sartori ya farfaɗo da ita, mai yi zai fara gina siffar da yumɓu, ya ɗauki zubinta da filasta, sannan ya sassaƙa ta a katako. Sai ya jiƙa fatar saniya da aka jeme da ɓawon itace, ya ja ta a kan katakon, ya kafe gefuna da ƙananan ƙusoshi, ya bi ta da guduma ta ƙaho yana bugawa a hankali har fatar ta shiga kowane lungu na gira da kumatu, ya goge da wata sanda mai santsi. Idan ta bushe a cire, a yanke ramin ido da na hanci, a naɗe bakin da siririyar waya. Fata tana shan gumi, tana ɗaukar ɗumin jiki, da daɗewa ma takan bi siffar fuskar mai ita. Sai dai tana da tsada, ba kowane aji ke iya saya wa kowane ɗalibi ba. Shi ya sa makarantu da yawa ke amfani da na roba, ko su sa ɗalibai su yi nasu da takarda da gam. A ganina wannan na biyun ba faɗuwa ba ce. Wanda ya yi kwana da kwanaki yana gina hancin tsoho da hannunsa ya riga ya fara sanin tsohon tun bai sa shi ba.

Mutanen gidan

Ayarin 'yan wasa na wancan zamani bai fi mutum goma zuwa goma sha biyu ba, kuma mutanen da suke fitowa a matsayinsu ba sa canjawa, labari ne kawai ke canjawa. Akwai tsofaffi biyu. Pantalone attajirin Venice ne, ɗan kasuwa, marowaci, da jan wando matsattse da baƙar alkyabba da lanƙwasasshen hanci da tsinin gemu, hannunsa kullum yana kusa da jakar kuɗi. Yana da 'ya da yake son aurar wa mai hali, shi kuma idonsa yana kan yarinyar da ya yi jika da ita. Abokinsa Dottore ɗan Bologna ne, birnin jami'ar da ta fi kowace tsufa a Turai. Fuskarsa goshi da hanci kawai take rufewa, ya turo tumbi yana zuba Latin na ƙarya a kan abin da bai sani ba. Capitano baƙon soja ne, sau da yawa ɗan Sifaniya, domin a lokacin Sifaniya ke mulkin Milan da Naples, kuma mutane suna jin daɗin ganin sojan da ke cika bakin ya kashe dubbai ya ranta a na kare don ɓera ya gilma. Masoya, saurayi da budurwa, ba sa rufe fuska. Haka ma baranya Colombina a mafi yawan lokaci, kuma ita ce mai hankalin gidan.

Sai barori maza, waɗanda ake kira zanni, su ne injin wasan. Na farko, irin su Brighella, mai wayo ne da ƙulle-ƙulle. Na biyu, irin su Arlecchino, ciki ne ke tuƙa shi. Waɗannan ba daga sama aka ƙirƙiro su ba. A ƙarni na 16 talauci ya riƙa koro mutanen kwaruruwan Bergamo zuwa Venice, suna ci-rani, suna dako a tashar jiragen ruwa, suna aikatau a gidajen masu kuɗi, 'yan birni suna yi wa karin harshensu dariya. Rigar Arlecchino mai kyawawan zane masu launi-launi da ake gani a hotuna yau, asalinta tsumma ce mai faci a kan faci. Ɗan wasan farko da tarihi ya riƙe sunansa a wannan matsayi shi ne Tristano Martinelli, ɗan Mantua, wanda ya yi suna a Faris a shekarun 1580.

Kowane ɗaya da bakinsa. Pantalone yana magana da karin Venice, Dottore da na Bologna, barori da na Bergamo, masoya da tsantsar harshen Tuscany na littafi. Mai karatun da ya taso yana sauraron Samanja Mazan Fama, yadda marigayi Usman Baba Pategi ya riƙe mutum guda shekara da shekaru da Hausarsa ta bariki, ya san daɗin da ake ji idan ɗan wasa ya buɗe baki ka riga ka san ko wane ne, daga ina ya fito, da irin ɓarnar da zai yi. Babu wata alaƙa ta tarihi tsakanin wasannin biyu, amma dabarar ɗaya ce. Nan ne kuma ajin da ba na Italiya ba yake cin karo da matsala ta farko: ɗalibi a Landan ko Chicago ba shi da karin Bergamo. Malami nagari sai ya mayar masa da tambayar, ya ce ya duba garinsu, wa ke zuwa ci-rani, wa ke riƙe da kuɗi, wa ke fankama da ilimi, kuma yaya kowannensu yake magana.

Akwai wani abu da bai kamata a wuce shi da gudu ba. Wannan wasa ne ya fito da mata a matsayin ƙwararrun 'yan wasa a Turai. Akwai takardar yarjejeniya ta 1564 a birnin Rum mai ɗauke da sunan wata Lucrezia 'yar Siena, kusan shekara ɗari kafin a bar mace ta hau dandamalin jama'a a Landan, inda samari ke fitowa a matsayin mata har zuwa 1660. Isabella Andreini ta ƙungiyar Gelosi marubuciyar waƙoƙi ce da masana ke girmamawa, ta rasu a Lyon a 1604 a hanyarta ta komawa gida daga Faris. A da fuskokin fata na maza ne. A aji na yau ɗalibai mata suna sa dukkansu, kuma ba abin mamaki ba ne mace ta fi kowa iya Pantalone, tunda abin da ake nema shi ne lanƙwasar baya da saurin ƙafa da rowa.

Takarda guda a bayan labule

Abin da ya fi jan ɗalibai zuwa wannan aji shi ne jin cewa ba a haddace magana, a tsaye ake ƙirƙirar ta. Nan ne kuma suka fi yin kuskure. Gaskiya ne babu rubutacciyar tattaunawa. Ƙashin labari ake rubutawa a rataye a bayan labule: wane ya shigo, ya tarar da wance, suka yi sa-in-sa a kan wasiƙa, tsoho ya fito, bara ya yi ƙarya, kowa ya watse. Flaminio Scala ya buga irin waɗannan guda 50 a Venice a 1611, kuma har yau daga littafinsa malamai da dama ke ɗebo na aji. To amma mutanen da suke cike wannan ƙashi da tsoka sun yi shekara ashirin, talatin, suna fitowa a mutum ɗaya. Kowanne yana da kundinsa da ya tara jawabai: na kishi, na neman aure, na tsinuwa, na nasihar uba ga ɗa, na sallama. Francesco Andreini, mijin Isabella, ya buga cika-bakin Capitano ɗinsa littafi guda a 1607. Andrea Perrucci kuma, a littafin da ya fitar a Naples a 1699, ya bayyana yadda shugaban ayari ke tara mutanensa kafin wasa, ya karanta musu labarin, ya nuna ƙofar gidan kowa, ya faɗi inda za a saka abin dariya. Ƙirƙirar tasu ta mai cikakken rumbu ce, yana zaɓen abin da zai ɗebo ne gwargwadon abin da abokin wasansa ya jefo masa.

Ɗalibin da bai san haka ba sai ya hau da hannu biyu babu komai. Abin da ke biyo baya kowane malami ya san shi: mutum huɗu suna magana lokaci guda, kowa yana neman a yi masa dariya, babu mai sauraron wani, wasan minti biyu ya kai minti goma ba a san yadda za a fita ba. Maganin da aka saba bayarwa tsoho ne. Kowa ya buɗe kundinsa ya fara tara kayansa. Idan ɗaya yana magana, sauran su juya hanci gare shi su tsaya, don idon 'yan kallo ya san inda zai je. Abin da abokinka ya kawo ka karɓa ka ɗora, kada ka rushe. Kuma kafin ka shigo ka san abin da kake so da yadda za ka fita.

Cikin wannan kundi ne ake ajiye lazzi, wato guntayen abin dariya da aka riga aka goge, waɗanda ake iya sakawa a kowane labari. Ɗaya daga cikin mafi kyau yana cikin wasan Goldoni ɗin nan. Baran ya buɗe wasiƙar da ba tasa ba, yana so ya liƙe ta kafin uban gidansa ya gane. Ba shi da abin liƙi, sai ɗan burodin da ya ɓoye. Ya gutsura ya tauna don ya yi laushi, kafin ya ankara ya haɗiye. Ya sake gutsura, ya sake tafiya. Burodin yana ƙarewa, tsoro yana ƙaruwa, maƙogwaro kuma ya ƙi jin magana. Idan aka ba ɗalibai wannan, mafi yawansu da farko sukan yi shi da tsalle-tsalle da gwalo, suna nuna mana cewa abin dariya suke yi. Ba ya tashi. Yana tashi ne ranar da ɗalibi ya yarda cewa mutumin nan rabonsa da abinci tun jiya, kuma da gaske duka yake tsoro. Sai ka ga ya rage motsi, ya riƙe burodin a baki yana yaƙi da kansa, ya ɗago ya kalli 'yan kallo da zarar ya wuce. Dariyar da ake yi a lokacin da tausayi a cikinta.

Dario Fo, wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1997, ya kai wannan yunwa maƙura a wani yanki na wasansa Mistero Buffo na 1969. Baransa yunwa ta kai shi ga tunanin cinye sassan jikinsa, ya yi mafarkin tukunya tana tafasa, ya farka babu komai, ya kama ƙuda ya zauna yana cin sa gaɓa-gaɓa cikin jin daɗi. Duk wannan da wasu sautuka na ƙirƙira da suka yi kama da magana, kuma mai kallo a kowace ƙasa yana fahimta. Ina ganin duk ajin da ya koyar da tafiyar Arlecchino da tsallensa amma ya bar yunwarsa a waje, rabin darasin kawai ya bayar, kuma rabin da ya fi sauƙi.

Sarƙar da ta tsinke

Akwai gaskiyar da ya wajaba malami ya faɗa wa ɗalibansa, ko da za ta rage wa darasin kwarjini. Abin da yake koya musu bai zo hannu da hannu daga ƙarni na 16 ba. Wasan ya yi ƙarfi ƙwarai a zamaninsa: daga 1658 marubucin wasan barkwanci na Faransa Molière ya yi tarayya da ayarin Tiberio Fiorilli a dandamali ɗaya a Faris, kuma tasirinsu a bayyane yake a marowacinsa da barorinsa. A 1697 Sarki Louis na 14 ya kori 'yan wasan Italiya daga birnin, sai a 1716 aka dawo da su. Shi kansa Goldoni, da ya tsara labarin bara mai iyayen gida biyu a 1745 domin ɗan wasa Antonio Sacchi, daga baya ya rubuta maganganun duka aka buga a 1753, kuma burinsa shi ne a koma ga rubutaccen wasa a ajiye fuskokin. Kafin ƙarni na 18 ya ƙare manyan ayarori sun watse. Pulcinella, baran wasan na Naples, shi ne ya ci gaba da rayuwa a gidajen wasan birninsa, sauran suka koma wasan 'yar tsana da bukukuwa. Abin da ya rage wa masu bincike shi ne zane-zane, irin na Jacques Callot da waɗanda ke jikin matakalar fadar Trausnitz a Bavaria, da ƙasusuwan labarai, da 'yan tsofaffin fuskoki da katakan zubi a gidajen tarihi. Zane yana nuna yadda mutum ya tsaya. Ba ya nuna yadda ya taka daga nan zuwa can.

A farkon ƙarni na 20 daraktoci Jacques Copeau a Faransa da Vsevolod Meyerhold a Rasha suka yi ta gwaji da ɗalibansu don su gano hanyar. Amma babban aikin ya kankama ne a wani wuri da ya kamata kowane ɗalibi ya ji sunansa: ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Padua. A 1948 daraktanta Gianfranco De Bosio ya gayyato wani matashi Bafaranshe, Jacques Lecoq, wanda asalinsa malamin motsa jiki ne, ya zo ya koyar da ɗalibai. A can Lecoq ya haɗu da Sartori, wanda ya duƙufa yana nazarin tsofaffin fuskoki har ya gano yadda ake sarrafa fatar. Lecoq ya yi shekara takwas a Italiya, ya taimaka wajen kafa makarantar Piccolo a Milan, ya koma Faris ya buɗe tasa a 1956. Wani ɗan Padua da ya yi aiki tare da shi, Carlo Mazzone-Clementi, ya kai abin Amurka, inda shi da Jane Hill suka kafa makarantar Dell'Arte da ta zauna a Blue Lake, California. A Milan kuma Ferruccio Soleri ya gaji Moretti, ya riƙe Arlecchino fiye da shekara 50.

Saboda haka tafiyar da ake koyarwa yau gini ne na ƙarni na 20 a kan tsohon harsashi, kuma maginan ba su yi ittifaƙi ba. Abin da za ka koya a wurin malami Antonio Fava a Reggio Emilia ba daidai yake da na almajiran Lecoq ba, na Milan ma da nasa salon. Malamin da ya ce wa ɗalibi haka da haka Arlecchino yake taka ƙafa a 1600, ya faɗi abin da zane ba zai iya tabbatar masa ba. Wannan ba dalilin yin sakaci da horo ba ne, tunda tsarin da aka gina yana aiki, fuskar tana amsa shi. Amma sanin haka yana sauke wa ɗalibi wani nauyi, ya ɗora masa wani. Ba mai gadin kayan tarihi ba ne da zai ji tsoron kada ya fasa. Yana cikin layin waɗanda suka gwada, kuma waɗanda suka fara gwajin ɗalibai ne irinsa.

Tambayar da ta fi wuya a aji ita ce wa ake yi wa dariya. Tsohon wasan ba shi da kunya. Yana da batsa, yana kwaikwayon mai in'ina a mutumin da ake kira Tartaglia, yana tsokanar tsofaffi da baƙi da ƙauyawa. Baƙar fuskar Arlecchino ma abin tattaunawa ce. Wasu masana suna danganta ta da wani shaiɗani na tatsuniyoyin Faransa na da mai suna Hellequin, suna cewa ƙullutun da ke goshinta ragowar ƙaho ne. Wasu suna kallon ta tare da mummunar al'adar da Turawa suka yi daga baya ta shafa baƙi don kwaikwayon baƙar fata. A ajin da ke da ɗalibai baƙaƙe wannan tambaya za ta taso, kuma malamin da ya kauce mata bai kyauta musu ba. Ma'aunin da nake ganin ya fi amfani shi ne a duba inda dariyar ta sauka. Idan bara ya sha duka amma wasan yana tare da shi, 'yan kallo suna roƙon ya kuɓuta, attajiri da mai fankama su ne suka ji kunya a ƙarshe, to an riƙe amanar abin. Idan kuwa talaucinsa ko harshensa ne kaɗai abin dariyar, a sake zama.

Wata ƙungiya a Ravenna, Teatro delle Albe, ta ba da amsa mai ƙarfi a 1993, shekarar da Goldoni ya cika shekara 200 da rasuwa. Marco Martinelli ya ɗauki wani ƙashin labari na Goldoni ya sake rubuta shi, aka ba ɗan wasa Mor Awa Niang, ɗan Senegal, matsayin Arlecchino: ɗan ci-rani a arewacin Italiya, yana son komawa gida, masifu 22 suka tare masa hanya. Ba a yi wa al'adar karan tsaye ba. An duba ne a ga wa ke tsaye yau a inda ɗan dakon Bergamo ya tsaya shekara ɗari huɗu da suka wuce, aka same shi.

Idan zangon karatu ya zo ƙarshe, ajin da ya san abin da yake yi yakan fitar da wasansa waje, farfajiyar makaranta ko dandalin gari, da 'yan katakai da labule guda. A ɗakin wasa mai kujeru 'yan kallo sun riga sun zauna, ladabi zai hana su tashi. A waje mai wucewa zai ba ka numfashi biyu ko uku, in ba ka riƙe shi ba ya yi gaba. Murya dole ta kai, motsi dole ya fito sarari, idan kare ya ratsa ko ƙararrawa ta kaɗa dole a shigar da su cikin wasan. Masu wannan sana'a a ƙasashe da dama sun ware 25 ga Fabrairu a matsayin ranarsu, saboda a wannan rana ce ta 1545 wasu mutum takwas suka je gaban mai rubuta yarjejeniya a Padua, ƙarƙashin wani da ake kira Ser Maphio, suka ƙulla ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa mafi tsufa da takardarta ta iso gare mu.

Jami'a tana ba da maki ne ga mutum ɗaya-ɗaya, wannan wasa kuwa ba ya tsayuwa sai da ayari, kuma ɗalibin da ya fi kowa ban dariya shi ne sau da yawa yake fara danne 'yan uwansa. Da ni ne malamin, takardar Padua zan karanta wa aji kafin a raba matsayi. Babu maganar fasaha a cikinta. Sun amince za su zauna tare kimanin shekara guda a matsayin 'yan uwa, su bi umarnin shugaba a kan abin da ya shafi wasa. Kuɗin da aka samu za a zuba a akwati mai makulli uku, kowane makulli a hannun mutum dabam. Za a sayi doki da kuɗin ƙungiya ya riƙa ɗaukar kaya daga gari zuwa gari. Ba za su yi caca a tsakaninsu ba sai a kan abin ci. Wanda ya gudu kafin wa'adi ya rasa rabonsa. Wanda ya kwanta ciwo kuma, daga akwatin nan za a yi jinyarsa.